Muryar Baba a Hannun Masu Sayen Tsohon Ƙarfe

Ko zan manta komai a duniya, ban da Asabar ɗin da na gano yayana ya sayar mini da tsohuwar ordinater ɗina, wato kwamfuta.

Baba baduku ne a Birni. A shekararsa ta ƙarshe, in na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, sai in zauna gefensa in ɗauki maganarsa da salula: yadda ake jeme fata, labarin kakanninmu, har addu'ar da ya yi wa kowannenmu. Salula na cika sai in juye cikin ordinater, irin mai akwatin ƙarfe da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur.

Bayan rasuwarsa aka kawo wuta da ƙarfi, na'urar ta ƙi tashi. Mai gyara a Zango ya kwance ta a gabana, ya nuna mini ƙaramin akwatin da ke raba wuta, ya ƙone. Sannan ya ɗora yatsa kan wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya ce, "Malama, wannan shi ne disk, rumbun ajiyarki. Lafiyarsa ƙalau. Da mun samu akwatin wuta komai zai dawo." Na kai ta gidanmu, na ajiye a ɗakin Baba kafin a samo.

Ran Asabar na shiga, na tarar an share ɗakin tas.

"Yaya, ina na'urata?"

"Wannan mataccen abin? Masu sayen tsohon ƙarfe sun wuce shekaranjiya, na haɗa musu da tsofaffin kwanuka."

"Ka tambaye ni?"

"Ke, a gidan ubana sai na nemi izininki?"

Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu, na fita, na tare kabu-kabu.

A filin masu ƙarfen komai an ware shi tsibi-tsibi. Ga ƙananan fankoki, ga korayen allunan nan masu zanen hanyoyi, ga wayoyi ana ƙona su don a ciri jan ƙarfe. Na hango akwatina a yashe, wayam, kamar ragon da aka feɗe. Na ce da mai wurin, "Don girman Allah, ina disk ɗin ciki?" Ya nuna mini wani buhu, ya ce, "Hajiya, jiya muka fasa su duka. Maganaɗisun ciki muke cirewa." Na zazzage buhun, fayafai masu ƙyalli suka zubo, duk guduma ta lanƙwasa su. Nawa ma ban san wanne ne ba.

Na ɗauki guda na koma gida, na ajiye wa Yaya a kan tabarma. "Ga addu'ar da Baba ya yi maka." Ya dubi faifan, ya dube ni. Sai da muka yi wata uku ba ma gaisawa kafin Inna ta zaunar da mu ta yi mana faɗa.

Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci, amma na gane rabin fushin da kaina nake. Ban kwafi abin a wani wuri ba, ban kuma faɗa wa kowa abin da ke ciki ba. Abin da kake ƙauna kada ka zuba shi a rumbu ɗaya. Kayan wani kuwa, ko ya yi tsatsa, tambayi mai shi kafin ka taɓa.