Ƙwaryar da ke Rataye a Pompon Garin Nomau

Duk wanda ya taɓa ratsa Garin Nomau, can gabas da Cadawa, ya tsaya shan ruwa a pompon bakin gari, ya san Sajo. Dogon tsoho ne siriri, Bafulatani, kullum yana gindin aduwa da jakar kayan gyara kusa da ƙafarsa. Ba shi da faɗa sai a kan abu guda. In ya ga wani ya ɗaga moɗa yana tsiyaya wa wani ruwa a tafin hannu, to ranar har masallaci za a ji muryarsa. "Kai! Ba shi ya riƙe da hannunsa! Ba ka ga ƙwarya a rataye ba?" Yara sukan watse suna kwaikwayon maganarsa, don har ya tsufa harshensa bai saki Fulatanci ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce da wannan karkatacciyar Hausar tasa ya taɓa zama malamin wani.

Kuma ba ƙarya ya yi ba.

A ruga aka haife shi, a bayan shanu ya girma. A gidansu Hausa ta mata ce, su da ke kai nono kasuwa. Shi abin da ya iya bai wuce gaisuwa da tambayar hanya ba, kuma bai ga abin da zai yi da fiye da haka ba. Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Damina ta leƙo ta koma, ciyawa ba ta kai idon sawu ba. Shanu suka riƙa durƙushewa a hanya, a ɗaga su da itace da safe, kafin azahar sun sake faɗuwa. Lokacin da Sajo ya iso bakin Garin Nomau da matarsa Jaye da ƴaƴansu, saniya ɗaya tak ke biye da su. Sunanta Woɗe, jar saniya, daga zuriyar wadda kakansa ya ba ubansa. In ta mutu, shi ke nan, ba shi da abin da zai nuna wa ƴaƴansa ya ce ga inda muka fito.

Abincinta yana iya nema, ya sassaɓo ganyen gawo, ya tono saiwa. Ruwa ne ya gagara. Rijiyar gari ɗaya ce, ta ja baya, kuma Mudi, ƙanen maigari, shi ke tsaron bakinta. Ƴan gari su fara ɗiba, sai jakunansu, sannan baƙi, lokacin guga ba ya fitowa da komai sai kwaɓaɓɓiyar laka. Rannan Sajo ya kasa haƙuri, ya matsa zai yi magana. Ya buɗe baki, kalmomin suka tsere masa, ya yi ta nuna saniya yana cewa "ruwa, ruwa" kamar ƙaramin yaro. Mata suka fashe da dariya. Mudi ya ce, "In ka koyi magana ka dawo." Abin ya yi masa zafi ƙwarai, har ya fi masa yunwar zafi.

Daga ranar ya shiga sauraro. Yakan zauna nesa kaɗan da majalisar tsofaffi kamar mai gyangyaɗi, alhali kunnensa a buɗe yake. Abin da ya tsinto sai ya kai wa Woɗe, yana cire mata kaska yana maimaita mata. Jaye takan ce, "Wannan saniya za ta riga ka iya Hausa."

Ana cikin haka sai ga kamiyo, wato babbar motar kaya, ya iso da injin haƙa, aka ce za a kafa wa gari pompo. Cikin ma'aikatan akwai Ba'indiye, shi ne gwanin haɗa pompon. Gajere ne, baƙi wuluk, ya fi Mudi ma baƙi. Samarin da suka taɓa shiga silima a Maraɗi suka rantse ba Ba'indiye ba ne, wai su Indiyawan da suka sani farare ne tas. Sunansa Selbam, amma kafin ya kwana biyu gari ya mai da shi Salmanu. Faransancinsa kaɗan ne, Hausa kuwa babu ko ɗaya. Aka ɗebi maza masu ɗaukar bututu, ana sallamarsu da jar dawa ta taimako, Sajo ya samu shiga.

Kowa ya gwada koya wa Salmanu Hausa, kowa ya gaji. Ƴan gari sukan zubo masa magana kamar ana zuba tsaba a buhu, in ya kasa maimaitawa su bushe da dariya. Sajo kaɗai ba ya dariya. Yakan ɗaga abu ya faɗi sunansa a hankali, ya jira. Ya san inda harshe ke tuntuɓe, don bai daɗe da yin tuntuɓen ba. Daga baya yakan ce wanda aka haifa cikin harshe bai san inda yake da tudu ba, haɗiye rabin magana yake yi yana zaton ya faɗa duka. Ba a jima ba Salmanu ya fara magana, amma da irin karkacewar harshen Sajo sak. Tabɗi! Gari ya samu abin dariya, ga Ba'indiye yana Hausar Fulani. Su biyun ba su kula ba. Sukan zauna inuwar kamiyo, ɗaya ya nuna gajimaren da ba ya zubar da komai ya tambayi sunansa, ɗayan ya tambaya ko a Indiya akwai shanu.

Sai Sajo ya ga ya kamata ya karrama abokinsa. Ba nono, ba fura, amma Jaye ta tace ruwa da gyalenta, ta bar shi ya kwanta, ta zuba a ƙwaryarta ta aure mai zane, wadda ba ta yarda ta sayar ba ko da suka sayar da komai. Sajo ya kawo da hannu biyu ya miƙa. Salmanu ya dubi ƙwaryar, ya ja da baya, ya tsuguna, ya haɗa tafin hannunsa a bakinsa yana jiran a tsiyaya masa. Ko taɓa ta bai yi ba.

Sajo ya tsiyaya masa, amma zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ashe shi ma ƙyamarsu yake yi. Ya ɗauki ƙwaryar ya koma bukka. Washegari ya ɗauki bututunsa ya ajiye, Salmanu ya nuna igiya yana tambayar sunanta, Sajo ya kau da kai.

A kwanakin ne aka ji abin da Mudi ke shiryawa. Za a kewaye pompon da katanga, a sa ƙofa da kwaɗo, makulli a hannunsa, kuma ba za a gina komin shayar da dabbobi ba, wai siminti ba zai isa ba. Baƙi dai su ci gaba da jira kamar yadda suka saba. Woɗe a lokacin sai an tallafa mata take miƙewa. Jaye ta ce, "Mutum ɗaya ne za su saurara a maganar nan, kai kuma ka ɗaure masa fuska. Fushin naka ne zai shayar da ita?" Sajo ya san gaskiya ta faɗa, amma ƙafarsa ta ƙi zuwa.

Allah da ikonsa, sai maigari Nomau da kansa ya zo duba aiki, aka biyo shi da farau-farau a kwanon shansa. Ya karɓa ya miƙa wa Salmanu. Sajo na tsaye da bututu a kafaɗa ya ga Salmanu ya ja da baya, ya tsuguna, ya haɗa tafin hannu, daidai yadda ya yi masa. Kwanon maigari guda! Ashe ba ƙwaryar Sajo kaɗai yake ƙi ba.

Da aka tashi aiki Sajo ya same shi a inuwar kamiyo, ya ce, "Salmanu, don me ba ka riƙe ƙwarya?"

Salmanu ya dubi hannuwansa, sannan ya fara harhaɗo ƴar Hausar da yake da ita. "Garinmu, rijiya akwai. Ruwa da yawa. Mu, ba mu taɓa guga. Ba mu taɓa ƙwarya ta mutane. Saniya ta mutu, mu ne mu ɗauka, mu cire fata. Baba haka, kaka haka. Sun ce hannu namu datti." Ya tsaya neman kalma, Sajo ya jira shi kamar yadda ya saba. "Inna tawa, ta tsaya nesa da tulu. Rana zafi. Ta jira, ta jira, wani ya ji tausayi ya zuba daga sama. Ni na yi lakol, na yi karatu, na iya pompo, na zo ƙasa mai nisa. Amma hannu bai manta ba. Ƙwarya taka mai kyau. Na ji tsoro in ɓata maka."

Allah sarki. Shi Sajo yana can yana fushi an raina ƙwaryarsa, ashe mutumin kansa ya raina. Sai kuma wani abu ya faɗo masa wanda bai so ba. Ya tuna Baƙo, majemin garin, wanda tun farkon farin yake bin mushen shanu yana feɗe fatu, jikinsa kullum da warin jima. A bakin rijiya Baƙo na tsayawa kusa da baƙi, duk da a garin aka haife shi. Kuma Sajo, da yunwarsa da tsummansa, yakan matsa gefe in Baƙo ya tsaya kusa da shi. Ya ji kunya ta rufe shi. Kafin su rabu ya gaya wa Salmanu abin da Mudi ke shiryawa.

Ranar da aka taru a ƙofar maigari bayan la'asar don yanke maganar katangar, Mudi ya gama jero dalilansa, mutane na gyaɗa kai. Salmanu ya miƙe ya ce yana da magana. Da ya fara, samari suka soma ƙunshe dariya. Ya kai wajen innarsa da tulunta, sai Hausar ta ƙare masa ƙaf. Ya juyo ya dubi malaminsa.

Sajo bai taɓa magana a gaban taro ba. Duk da haka ya miƙe, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ji abin da yake faɗi." Ya ba da labarin matar da ke tsaye a rana tana kallon rijiya cike da ruwa, a hankali, kalma bayan kalma, yadda yake yi wa Woɗe. Dariya ta ɗauke. Sannan ya ƙara nasa. "Ɗanta ya ƙetaro teku ya haƙa muku ruwa. In kuka sa kwaɗo, ya haƙa irin rijiyar da ta hana uwarsa. Ni baƙo ne, ban da ko taki ɗaya a ƙasarku. Saniya ɗaya gare ni, kuma ba za ta kai wata ba."

Mudi ya ce, "Oho, yanzu ka iya magana ke nan?"

Sajo ya ce, "Kai ka ce in koya in dawo. Na dawo."

Wani tsoho ya yi dariya, wannan karon ba Sajo ake yi wa ba. Maigari Nomau ya shafa gemu. Ya ce kakansa ma daga wajen Katsina ya zo da jaki ɗaya, kuma wani ne ya bar shi ya sha. A bar katangar, simintinta a gina komi da shi. Mudi ya tashi yana gunaguni, kuma har ya bar duniya bai daina cewa an cuci gari ba.

Da ruwa ya fito, sai da maza suka tallafo Woɗe zuwa komin. Ta sa baki ta yi ta sha, cikinta na motsi, Jaye na tsaye tana share ido da gefen gyale. Sajo ya karɓi ƙwaryar nan mai zane ya cika ta. Salmanu na ganinsa ya fara lanƙwasa gwiwa. Sajo ya ce, "A'a. Tashi." Ya kama hannuwansa biyu ya ɗora su a jikin ƙwaryar, ya riƙe su da nasa don kada ya saki. Salmanu ya kafa baki ya sha. Sajo ya karɓa, ya juya ƙwaryar, ya sa bakinsa daidai inda Salmanu ya sha. Sannan ya waiga, ya hango Baƙo can bayan mutane inda ya saba tsayawa, ya ratsa taron ya miƙa masa.

Kafin kamiyo ya wuce gari na gaba, Salmanu ya koya wa Sajo kwance pompon da ɗaura shi, ya bar masa jakar kayan gyara. Ba su sake haɗuwa ba. Woɗe ta rayu ta haihu, jajayen shanun da ke shan ruwa a komin nan da yamma jikokinta ne. Ƙwaryar Jaye ta daɗe da fashewa, an sauya ta ba adadi, amma ba a taɓa barin ƙusar da ake rataye ta babu komai ba. In baƙo ya tambayi Sajo dalilin faɗansa a kan ɗan ruwan da aka zuba a tafin hannu, ba ya dogon bayani. Yakan ce akwai wata tsohuwa a Indiya da bai taɓa gani ba, ko sunanta bai sani ba, kuma a wannan pompon ba za ta jira kowa ba.