Dariyar Yayar Mai Agogo

Har yau Mai Agogo ake ce masa, alhali rabonsa da buɗe cikin agogo an fi shekara goma. Da wayar hannu ta kashe masa kasuwa, sai ya zuba 'yan kayan aikinsa a gwangwani, ya koyi kwamfuta da furfurarsa. Yanzu sana'arsa rubutun nan ne da ke fitowa a ƙasan fim. Ba shi ke fassara ba, ba shi ke ɗaukar hoto ba. Shi dai a kawo masa fayil ɗin rubutun da wata na'ura ta ƙi karantawa, ya juya shi zuwa irin wanda take so. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin tela da mai fotokwafi, kuma dukansu sun shaida mutumin kirki ne, sai dai naci. A kan rabin sakan sai ya hana ka tafiya.

Dalilin nacin ne bai cika faɗa ba. Yayarsa ta kurumce tun tana 'yar shekara tara, bayan wani zazzaɓi. Karatu kam ta fi shi. Amma ya tashi yana ganin yadda take zama cikin mutane: a yi raha, ɗaki ya kaure da dariya, ita tana bin fuskoki da ido. Sai an gama wani ya rubuta mata abin da aka ce, sannan ta yi tata dariyar ita kaɗai, a gajarce, kamar mai ba da haƙuri. Abin nan ya daɗe yana ci masa rai.

Kwatsam sai ga autar Yaya ta fito a wani gajeren fim na barkwanci da ɗaliban kwalejinsu suka yi, za a nuna a zauren taro ranar Asabar da la'asar. Ranar Alhamis ta faɗo shagon tare da malamin da ya shirya fim ɗin.

"Kawu, dubawa kawai za ka yi," in ji Auta. "Malam ya riga ya juya rubutun a intanet, na'urar zaure ma ta karɓa."

"Ta karɓa. To, wa ya kalla?"

"Na kalli farkon, lafiya lau," in ji malamin.

Mai Agogo ya kashe sauti gaba ɗaya, kamar yadda yake duba kowane aiki, ya zuba wa bakin 'yan wasa ido. Ba a ci minti biyu ba rubutu ya fara jan ƙafa. Can wajen ƙarshe, baƙo a fim ya sha ruwa ya miƙe zai tafi, rubutu yana nan yana masa sannu da zuwa.

"Tsohon fayil ɗinku hotuna yake ƙirgawa, sabon kuma lokaci," ya ce. "Fim ɗinku hoto ashirin da biyar ne a sakan, abin da ya juya maka ya ɗauka ashirin da huɗu ne. Shi ya sa lattin ke ƙaruwa."

"Haba Baba, wa zai lura? Ai kowa yana ji."

"Kowa?"

Auta ta sunkuyar da kai. Malamin ya dube ta, ya tuna mahaifiyarta ba ta ji, kunya ta rufe shi.

Gyaran lattin bai ci minti biyar ba. Amma da ya sake kallo sai ya ga wata matsalar. An rubuta kowace raha a layi ɗaya, mai karatu zai ga ƙarshenta tun ɗan wasa bai kai rabi ba. Ke nan Yaya za ta riga kowa dariya, ita kaɗai dai kamar kullum. Sai ya ja kujera. Ranar Juma'a tun safe yake bin rahar ɗaya bayan ɗaya, har guda talatin da bakwai, yana raba kowace gida biyu, yana riƙe kalmar ƙarshe sai daidai lokacin da bakin ya buɗe zai faɗe ta. Tela ya leƙo sau uku.

"Maƙwabci, wai ɗinki kake yi ko tiyata?"

"Je ka ka gyara wandon mutane," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ranar Asabar zaure ya cika. Mai Agogo ya zauna a layin bayan Yaya, bai ko kalli allon ba, kafaɗunta yake kallo. Auta ta fito a fim tana rigima da mai haya, ta ja maganar, ta ja, sannan ta saki kalmar ƙarshe.

Zaure ya fashe, kuma a cikin fashewar akwai muryar Yaya, mai ƙarfi, babu ko kunya. Ta juya hagu ta ga baki a buɗe, ta juya dama ta ga wata mata tana share hawaye, sai ta kai wa matar duka a cinya, matar ta rama, suka kifa tare. Shekara hamsin da wani abu yana ƙaninta, bai taɓa sanin haka dariyarta take ba.

Kansa ya yi girma, idonsa ya cika. Ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗarta, yana so ta waiwayo ya tambaye ta ko rubutun ya yi. Ta kaɓe hannun ba tare da ta juyo ba. Wata rahar na tafe, ba ta da lokacinsa.