Gwangwani Uku Daga Jidda

Ina tsintar shinkafa wayar ta yi ƙara. Laraba ce, bayan la'asar. Lambar maigidana ce, amma muryar ba tasa ba ce. Direban gidan da yake aikin lambu a Jidda ne, mutumin Damagaram, wanda na sha jin labarinsa. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Hajiya, sai haƙuri." Ya ce a durƙushe aka sami maigidana cikin shuke-shukensa, tiyo a hannu, ruwa na zuba. Na yi salati. Na ajiye farantin a hankali don kada ya yi ƙara. Har yau ina jin kunyar cewa abin da ya fara zuwa raina shi ne kada a ji motsi.

Shekara tara ke nan da na zo Umra ban koma ba. Maigidana yana da iƙama, wato izinin zama, ni ba ni da takarda ko ɗaya. Ɗakinmu yana can saman wani bene mai hawa huɗu a unguwar Hindawiyya, bayan tankin ruwa, kuma da sunansa aka kama shi. Mai gadin gidan, wanda kowa ke kira Baba haris, tsohon Bahaushe ne da aka haifa a nan Makka. Shi kaɗai ya san ina ciki. Sharaɗinsa tun farko ɗaya ne: kada a ga shanya, kada a ga mace a saman nan.

A Jidda aka binne shi. Ban je ba. Akwai shingen bincike a hanya, kuma fita daga Makka ba wuya, dawowar ce. Na shiga takaba a ɗakin da ban saba fita daga cikinsa ba dama.

Kwana huɗu da rasuwar, direban ya aiko da kayansa. Baba haris ya hau da su, yana haki. Jaka ɗaya ce, da gwangwanayen man zaitun guda uku, an huda gindinsu, an cika su da ƙasa. A kowanne akwai ɗan reshe mai ganye biyar ko shida.

"Ga gadonki, 'yata," in ji shi. "Wasu ana bar musu gida, ke an bar miki ƙaya."

Na san su tun kafin ya faɗa. Furen wardi ne, irin gajeren nan da ba ya wuce gwiwa. Duk Alhamis da maigidana ya dawo, shi ne hirarsa. A jere ya dasa su a gefen hanyar shiga gidan, ta bayan katanga, don kada iskar teku ta ƙone su da gishiri. Yakan ce idan suka yi fure ba ka ganin ƙasa, kuma ƙamshin yana tarar baƙo tun daga ƙofa. Na taɓa ce masa, "Ni dai labari nake sha." Ya ce ya yanki rassa uku ya dasa mini, idan sun kama zai kawo.

Ban taɓa shuka komai a ƙasar nan ba. Abin da na sani, da kunne na san shi. Ruwan tanki yana da gishiri, in ji maigidana, ruwan da ke ɗiga daga mukayyif ya fi, wato na'urar sanyaya ɗaki. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba. A tura yatsa cikin ƙasa, in da laima a bari sai gobe. Iskar Makka busasshiya ce, ba kamar ta Jidda ba, don haka a rataya jiƙaƙƙen buhu kusa da su. Sannan rana. "Wardi kamar tsohuwa yake," in ji shi, "yana son hantsi, ba ya shiri da azahar."

To, a saman namu wuri ɗaya ne hantsi ke sauka, can gabas, kusa da bakin katanga. Taku goma sha huɗu ne daga ƙofata. Kuma a nan ne tagogin dogon benen da ke tsallaken titi suke kallo kai tsaye.

Na ce ba zan je ba. Na jera su a ɗaki kusa da 'yar tagarmu. Cikin mako biyu na farkon ya yi tsawo, siriri, ganyensa ya koma ruwan ɗorawa ya zube. Na fitar da na biyun bayan tanki, inda ba mai gani. Ranar yamma ce ke bugun wurin. Kwana uku ya yi, ganyen ya bushe yana karyewa a hannu. Na zauna ina kallon na ukun. Hannun maigidana ne ya danna ƙasar nan, har akwai gurbin babban yatsansa a gefe.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya fara haske, na sa hijabi na rungumi gwangwanin. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa. Na sunkuya na tafi, ina ƙirga taku, ban ɗaga kai ba. Na ajiye, na dawo. Da rana ta ɗaga, kafin ta yi zafi, na sake fita na ɗauko shi. Fitar ta biyu ta fi muni, don lokacin gari ya waye sarai, ana buɗe labule, ana shanya darduma a taga.

Haka na yi kullum. Ban saba ba ko sau ɗaya. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na ɗauka ta masu kame ce. In na ji takun takalmi a matakala, sai na kashe mukayyif na zauna a bayan ƙofa, ina riƙe numfashi, har na gane jan ƙafar Baba haris ne. Hajji yana matsowa, kuma a irin wannan lokaci ake bin gidaje ana duba takardu. Wata mata da muka zo tare, an ce da safe aka tafi da ita, tukunyarta na kan wuta.

Amma reshen ya yi toho. Ja ne tohon da farko, kamar jini, sannan ya koma kore. A wata na uku ya fitar da kai guda biyu, ya buɗe. Furen bai kai tafin hannun jariri ba, ruwan hoda mai duhu, ganye a kan ganye. Ƙamshin ya cika ɗakin. A nan wani tsoron ya kama ni, don mai takaba ba ta shafa turare, ga hannuna yana ƙamshi. Na wanke da sabulu sau uku. Da Baba haris ya kawo mini burodi na tambaye shi daga bayan ƙofa.

"Shafawa kika yi?"

"A'a, Baba. Taɓawa na yi."

"To Allah ne ya shafa wa furen, ba ke ba. Khalas, shi ke nan, ki bar hannunki ya huta." Bai sauka ba. "Amma akwai magana. Wani a benen can ya tambaye ni wace ce matar da ke yawo da gwangwani a samanmu."

Na dafa bango.

"Me ka ce masa?"

"Na ce aljana ce, mun daɗe da ita. Bai yi dariya ba." Ya gyara murya. "'Yata, ki shigar da abin nan. Fure ne fa. Kin fi shi."

Na ce to. Na bar shi a ɗaki kwana huɗu. A rana ta biyar na ga ganyen ƙasa ya fara ɗorawa, irin na farkon. Na ɗauke shi na fita. Na san abin da nake yi, ba zan ce ban sani ba.

Ba motar masu kame ce ta zo ba. Mai benenmu ne maganar ta kai gare shi, ya kira Baba haris ya ce a kwashe ɗakin sama kafin abin ya jawo masa. Saura kwana tara in fita takaba. Tsohon ya roƙa mini kwanakin, aka ba ni. A kwanakin nan tara na fita da gwangwanin a tsaye, ban sunkuya ba. A lokacin ne na fara ɗaga kai na kalli tagogin. Suna da yawa. Ban san wacce ba ce.

Yanzu ina unguwar Utaibiyya, wurin wata ƙanwar mahaifiyar maigidana, a ɗakin ƙasa da tagarsa ke kallon bango. Rana ba ta shigowa. Da zan taho na tsaya da gwangwanin a hannu, na san abin da ɗaki irin wannan ke yi masa. Na miƙa wa Baba haris. Na faɗa masa na ruwa, da na buhu, da na hantsi. Ya ce shi da gwiwarsa hawa huɗu sau biyu a rana, ai gara a ba shi jaki ya yi kiwo. Amma ya karɓa da hannu biyu.

Shekaranjiya ya kira. Ya ce ya sauya masa babban bokiti, ya yi fure har sau biyu, sai dai yanzu rassan sun yi tsawo sun sarƙe, furen ya ƙanƙance. "An ce aski yake so. Ga almakashi a hannuna. A ina zan yanka?"

Na tuna maigidana ya ce aski sai sanyi ya shigo, kuma ba abin faɗa da baki ba ne, sai an nuna, don in ka yanka ba daidai ba reshen yakan mutu ya gangara har gindi. Ya ce zai nuna mini idan lokacin ya yi.

Na ce wa Baba ya ajiye almakashin tukuna, zan kira shi. Sanyi ya shigo, kuma har yanzu ban kira ba.