Inna Sai-na-gani da Kwalayen Baƙin Tabarau

Kafin masu shara su gama wanke barandar asibitin ido, ta riga ta buɗe ɗakin yanka gilashi. Takan rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta zuba wa injin gogewa ruwa, sannan ta ɗauki gilasan da za ta yi aiki da su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kowanne saitin taga, tana juya shi tana harararsa kamar ya taɓa yi mata ƙarya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ma'aikata na kiranta Inna Sai-na-gani, don ko likita ne ya rubuto lambar tabarau, sai ta sake aunawa.

Wannan hali bai sa an so ta ba. Wasu na cewa taurin kai ne, wasu na cewa neman suna. Amma duk wanda yake nan ranar baƙin tabarau ya san amfaninsa.

Asibitin ya yi wa tsofaffi sama da ɗari aikin cire yanar ido cikin mako guda. Idon da aka yi wa aiki ba ya son rana, don haka wani ɗan kwangila ya kawo kwali biyar na baƙin tabarau a raba musu, kowanne da 'yar takarda manne a jiki, wai yana tare haske mai cutarwa. Inna ta zaro ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta shinshina, ta ce kada a raba.

Mai sito ya fusata. "Haba Inna! Ga rubutu nan a jiki, me kuma kike nema?"

"Rubutun na gani. Wanda ya manna shi ne ban sani ba."

Kafin azahar magana ta zaga asibitin cewa ƙanenta take so a ba kwangilar, alhali ƙanen nata tela ne. Tsofaffi na zaune a kan benci da auduga a ido, 'ya'yansu na gunaguni. Babban likita ya kira ta ofis, shi ma yana yi mata wani irin kallo.

"Inna, in akwai wata a ƙasa, ki faɗa mini."

"Likita, ba ni minti biyar a ɗakin duba ido, ka zo da mai sito."

Ta ja labule, ta shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ta kunna wata 'yar fitila mai launin shunayya. Nan take takardar ta ɗauki wani shuɗin ƙyalli. Ta ce a cikin hasken rana akwai wanda ido ba ya gani amma yana ƙona shi, irinsa ne fitilar ke fitarwa, takardar kuma na shan sa ta mayar da shi shuɗi. Ta ɗauko gilashi na kirki mai tare mugun hasken daga durowarta, garau kamar ruwa, ta tsayar da shi tsakanin fitila da takarda. Sai ga inuwa baƙa ƙirin. Ta ɗauko na ɗan kwangila, baƙi wuluk, ta sa a wurin. Takardar ta ci gaba da ƙyalli abinta.

"Haske in ya faɗa kan abu, wani ya koma baya, wani abin ya shanye shi, wani ya ratsa," in ji ta. "Wannan baƙin ya shanye wanda muke gani ne kawai. Ido zai zaci duhu ne ya buɗe sosai, mugun ya shiga fiye da in ba a sa komai ba."

Likita ya ce a gwada na kowane kwali. Duka biyar ɗin haka suke. Aka mayar da su. Kwana uku Inna ta yi tana bin benci benci tana roƙon tsofaffin su zauna a ɗaki har na kirki su iso, wata tsohuwa har ta kira ta muguwa.

Mai sito ya yi wata huɗu ba ya gaishe ta. Sai ranar da aka yi wa mahaifiyarsa aikin ido, ya leƙo ɗakinta da tabarau ƙunshe a hankici, ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Inna, na tsohuwarmu ne. Ko za ki ɗan haska mini shi?"

Ta karɓa, ba ta tada tsohon zance ba.

Inna, ke ce kika yarda a zarge ki don kada idon wani ya lalace. Ke ce mai tsaron idon da ba naki ba. Tsofaffin nan yawancinsu ba su san da ke ba, suna can suna zura zare a allura, suna gane jikokinsu tun daga nesa.

Da na je na ce zan rubuta wannan, gilashin hannunta ta ajiye ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya aiko ka? Me ake shiryawa?"

Babu wanda ya aiko ni, Inna. Godiya ce kawai, kuma an daɗe da riƙe miki ita. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaji kujerun irin su Inna, a sito ko a ɗakin magani, ku bincika kafin ku sa hannu, ko da za a daina gaishe ku. Wanda ke zaune a benci da auduga a ido ba shi da mai duba masa sai ku.