Mashin mai caji da hanyar Argungu

Shekarun baya kaɗan, lokacin da kuɗin fetur ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, ina koyarwa a Birnin Kebbi, mahaifiyata kuma tana gida Argungu da ciwon ƙafa. Da can duk Asabar nake hawa mashin in je in gaishe ta. Da mai ya yi tsada sai zuwan ya koma sau ɗaya a wata, sauran kuma waya.

Wani abokina mai sayar da kayan sola ne ya dame ni da maganar mashin mai caji. Na ce masa ni ba zan hau abin da ake jonawa kamar tocila ba. Amma ranar da na tura mashin ɗina a ƙasa daga makaranta har gida, ɗalibaina suna ta yi mini sannu, na koma wurinsa da kaina. Na sayar da tsohon, na cika, na karɓo sabon. 'Yan kabu-kabun unguwarmu suka sa mini suna Malam Shiru, don ba a jin tahowata.

Gaskiyar abokina, cajin da zai kai ni Argungu bai kai kuɗin litar mai ɗaya ba. Matsalar ita ce dawowa. Kafin in isa batir ya kusa ƙarewa, gidanmu kuwa wuta sai an ga dama. A bakin layinmu akwai wani mai kemis, Kirista ne mutumin Filato, ya daɗe a garin, yana da sola saboda firjin magani. Ya yarda in riƙa cire batirin in bar masa, in ya cika ya kira ni. Ɗan abin da nake ba shi ma sai na matsa yake karɓa.

Ni da na saba in gaisa, in ajiye cefane, in juya kafin azahar, sai ga ni zaune a tabarmar Inna ina jiran waya.

"Zamna mana," in ji ta. "Mi kake sauri? Dokin naka bai ƙoshi ba."

Haka za mu ci tuwon shinkafa da miyar kifi, in matsa mata ƙafa, ta yi ta ba ni labarin yadda suka yi noma a fadama ita da mahaifina, da rigimar da aka sha kafin a ba shi aurenta. Yawancinsu ban taɓa ji ba. Mai kemis ba ya kira sai an sauko daga la'asar. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce, "Malam, solar nan tawa ta tsufa, sai haƙuri."

Mun fi shekara a haka kafin Allah ya karɓi abarsa. Ranar addu'ar uku mai kemis ya zo ta'aziyya, ya ja ni gefe.

"Malam, ka yafe mini. Batirin nan tun azahar yake cika. Mama ce ta aiko mini, ta ce kada in kira ka sai bayan la'asar. Ni kuma uwa ba ta roƙona abu in ƙi."

Na riƙe hannunsa, dariya na zo mini, hawaye na zuba.

Har yau mashin ɗin nake hawa, kuma sauƙin da na samu a aljihu ba ƙarami ba ne. Amma in na zauna ina gode wa Allah, yammacin Asabar ɗin nan nake fara tunawa, da bawan Allahn da ya yi ta ɓata sunan solarsa saboda wata tsohuwa ta samu zama da ɗanta. Allah ya jiƙan Inna, shi kuma Allah ya saka masa da alheri.