Gaisuwar Bukar Mai Hula

Shekara uku ke nan da rasuwar abokina Bukar mai hula, kuma har yau idan na bi ta layin 'yan hula a kasuwar Mubi sai na rage tafiya.

Iyayensa daga Barno suka zo, ni kuma Yohanna ɗan Gella ne, ina da ɗan shagon kwamfuta kusa da rumfarsa. Wata rana ya shigo ya ce ya ji ana buɗe shafi a intanet, wai bulog, yana so mutanen Yola su ga hulunansa. Na buɗe masa, yana faɗa ina bugawa. To a nan muka fara rigima. Bukar ba ya fara zancen hula sai ya gaida duniya. Mutanen Gella ya gona, na Gude ya ruwa, na Sorau ya shanu, wance da ta haihu barka, wane da ya yi rashi Allah ya ba da haƙuri. Hoton hular sai can ƙasa, kamar an manta da ita.

Na ce masa ba haka ake yi ba, mai saye zai gaji ya tafi. Ya ce, "Yohanna, ni ban iya nuna wa mutum kaya ban tambaye shi gida ba. Buga kawai." Na buga ina dariya. Ciniki dai bai taka kara ya karya ba, amma mutane suka saba amsa masa a ƙasan rubutun, har da masu ba da saƙon gaisuwa a kai ƙauye.

Da gari ya faɗa hannun 'yan bindiga, kowa ya yi ta kansa. Na tsinci kaina a Yola, mahaifiyata Rifkatu kuwa tana Gella lokacin, ba ta da waya, ba wanda ya san inda ta nufa. Na bi sansani-sansani ina duba fuskokin tsofaffi har na fara fid da rai.

Bukar ya tsallaka Kamaru, ba hula ko ɗaya a hannunsa. Da wayar aro ya hau shafin ya rubuta, "Mutanen Gella, ina kuke? Ku amsa mini." Aka yi ta amsawa daga ko'ina. Cikin amsoshin wata mata da ban sani ba ta ce, "A gaya ma Yohanna mai kwamfuta, maman shi yana wajenmu a bayan Sorau. Ƙafa ya kumbura amma yana cin abinci." A bakin titi na karanta, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Bukar kuwa bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a can, a can aka binne shi, ban samu ko zuwa jana'iza ba. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Yanzu kasuwa ta cika, kowane yaro yana tallar kaya a waya, hoto da lamba kawai. Da Bukar zai gani, na san zai yi murna gari ya dawo, sannan ya ce yaran ba su da tarbiyya.

Shafin yana nan, ba mai sabunta shi, wata rana ma zai ɓace. Ban damu sosai ba. Ina wannan rubutu ina jin muryar Mama a tsakar gida, tana ta faɗa da jikokinta sun zubar mata da gyaɗa.