Kyari da Jarrabawar Tafinta

A zamanin da jirgin ƙasa yake sabon abu a Lafia, an yi wani Babarbare mai suna Kyari, mai fataucin gishirin Keana da jakai biyu. Mutum ne mai surutu, ga kunne kamar na zomo. A bakin tasha ya tsinci Turancinsa, ɗan nan ɗan can, har ya fara ganin shi ma ya isa. Da aka ce Baturen tasha yana neman tafinta, amma sai an ci jarrabawa, Kyari ya ɗaure jakansa ya nufi zauren Malam Babandi, wani Bafulatani da ya yi boko, abokin wasansa.

"Babarbare zai zama tafinta?" in ji Babandi. "To Allah ya ji ƙan Turanci."

"Kai dai koya mini, mai bin shanu."

Suka duƙufa. Babandi ya ce masa, "In mutum ɗaya ne ke yin abu, kalmar aikin tana jan wutsiya, wato harafin 's' a ƙarshenta. In suna da yawa, sai a guntule ta." Kyari ya ce wannan ai gardama ce kawai, taro ne ya kamata ya samu wutsiya. Haka dai ya haddace. Sai batun kwatance, Babandi ya ce masa, "Kada ka ce gishirin Keana ya fi Kano. Gishiri da gishiri ake gwadawa, gari da gari." Wannan kam ya shige shi nan take, don ɗan kasuwa ne. A hanyar Kwandere jakansa sun sha Turanci har sun gode Allah.

Ranar jarrabawa ya sha babbar riga ya tafi. Bature ya yi tambaya, Kyari ya amsa, wutsiya na faɗawa inda ya dace. Ganin haka sai Baturen ya saki fuska, ya kawo wadda yake ganin ta fi kowace sauƙi.

"Mene ne sunan ɗanka na fari? Kwatanta mini shi da ƙanensa."

Kyari ya sunkuyar da kai. Ɗan fari? A faɗi sunansa da baki, a gaban baƙo, har a yaba tsawonsa? Ko a cikin gida "wancan" yake ce masa. Turancin na nan cike da baki, aikin na nan a gabansa, amma kunya ta riƙe harshe. Bature ya fara ƙwanƙwasa tebur da alƙalami.

Can Kyari ya ɗago, ya ce da Turanci tsaf, "Ranka ya daɗe, wannan yaron na tsohuwata ne, sunansa yana wurinta. Amma ina da jakai biyu. Kunnen farin ya fi kunnen baƙin tsawo, taurin kan baƙin kuma ya fi taurin kan farin." Ya yi ta zuba, daga kofato har wutsiya, ba tuntuɓe ko ɗaya.

Bature ya yi dariya har da share hawaye. Sannan ya ce Turanci dai ya yi, amma mutumin da ake yi wa tambayar ɗa ya amsa da jaki ba zai tsaya tsakaninsa da jama'a ba. Sai ya ba shi kula da lodin dabbobi da kaya a tasha.

Da labari ya kai wa Babandi, bai yi tsiyar da ya saba ba. Cewa ya yi, "Ashe Barebari ma sun san kunya."

"A wurinku muka ara, ba za mu mayar ba."

A wannan aikin Kyari ya tsufa, yana yi wa awaki tsawa da Turanci mai wutsiya. Yaron kuwa, Ashafa sunansa, ya girma har ya zama tafintan da uban bai zama ba. In mutane suka zo yi wa Kyari barka, sai ya kau da kai ya ce, "Wancan? To, an ce yana ƙoƙari."